Abin da Aka Ajiye a Gajimare

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wata ta rubuto ta ce idan ba zan auri Walid ba in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki karanta wannan har ƙarshe. In har kina so bayan nan, zan ba ki kyauta, in haɗa miki da katin kira.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Radiyya, shekarata ashirin da biyar, kuma ina da in'ina. A rubuce kuke ganin magana tana zubo mini kamar ruwan famfo, amma da da baki nake ba ku labarin nan, da har yanzu muna kan gaisuwa. Harafin "b" shi ne babban maƙiyina, Allah kuma ya jarrabce ni da shi ta ko'ina. Wanda ya riƙe mu ni da Ummana tun rasuwar mahaifina, Baffa ne, yayan babana. Sana'arsa buhu. Sunan kamfaninsa Babban Bango. Sitonsa a Bompai. Masaƙarsa tana Challawa, ofis kuma a Sharada kusa da gidanmu, inda nake zama bayan kwamfuta ina amsa saƙonnin masu saye, tunda rubutu ba ya sarƙewa.

Samari uku suka zo zance gidanmu cikin shekara biyu. Kowanne hotona ya gani, kowanne kuma zuwa ɗaya ya yi. Bayan na ukun Umma ta zaunar da ni a bakin gado ta ce, "Ke dai ki dinga murmushi kina sunkuyar da kai, ba sai kin yi magana ba. Sa'anninki kowa da goyo, ni kuma na gaji da amsa tambaya a gidan biki."

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa ƙarasa mini magana ba, ita ce Anti Hansatu. Danginmu ce ta nesa, mijinta ya rasu, kuma shekararta ashirin da uku a kan teburin waya na kamfanin. Wayoyi shida ne a gabanta, kowacce da takarda manne a baya, ga ta cikin gida mai haɗa ofis da ofis. Kafin mutum ya gama sallama ta kira sunansa, ta tambaye shi ya ƙafar mahaifiyarsa. Ina ƙarama, idan aka ɗauko ni daga makaranta, a cinyarta nake zama. Ta ba ni kan waya, ta riƙe yatsana tana buga shi a kan tebur, gaɓa ɗaya bugu ɗaya. "Ja numfashi, Radi," in ji ta. "Maganar ba guduwa za ta yi ba." Ko minti biyu zan yi a kan kalma ɗaya, za ta jira. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi idan kun zo tsine mini.

Walid ya shigo ofishinmu wata Litinin, cikin yadi ruwan toka da hula zanna, jakar kwamfuta a kafaɗa, turarensa ya riga shi shiga. Ya zo ne ya nuna wa Baffa sabon tsarin waya. Lamba ɗaya tak ga kamfanin gaba ɗaya, ta intanet take tafiya, kowane ma'aikaci a sa masa manhaja a wayarsa. Mai kira ya danna ɗaya ya samu Sharada, biyu Bompai, uku Challawa. Kuma kowane kira ana naɗarsa a ajiye.

"A ajiye a ina?" Baffa ya tambaya.

"A gajimare, Alhaji. Haka ake kiransa. Wasu manyan kwamfutoci ne a can nesa, ba ruwanku da gyara ko wutar lantarki."

Anti Hansatu ta shigo da shayi a daidai lokacin. Ta ajiye faranti ta ce, "Maganar mutane a gajimare? Ai abin da aka ajiye a gajimare, ranar da hadari ya haɗu zubowa zai yi."

Kowa ya yi dariya, har da Walid. Amma na ga ta tsaya tana kallonsa lokacin da ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya."

Baffa ya ce ni zan dinga zama da Walid tunda ni na iya kwamfuta. Ranar farko na so in tambaye shi ko layin Bompai zai yi aiki idan intanet ya yanke. Na maƙale a kan Bompai. Na ji zufa tana bin bayana ƙarƙashin abaya. Kowane namiji da na sani a nan yake ƙarasa mini, ko ya kalli agogo. Walid ya ajiye biro, ya kalle ni, ya jira har na fitar da ita. A nan na kamu da sonsa, masu karatu, ba a wani wuri ba.

Kafin magariba saƙonsa ya shigo: "Muryarki ta fi ta masu karanta labarai daɗi. Mutane ne ba su da haƙurin jira."

Na karanta shi ya fi sau ashirin. Cikin sati uku ya zo gida sau huɗu. Umma ta sayo sabbin labule, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai da sallah, ta fara kiransa "ɗana".

Baffa dai ya ƙi sa hannu. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Tsarin ya yi, amma ina zan kai Hansatu?"

Wata rana bayan sallar azahar, muna naɗe sallaya a ɗan ɗakin mata, Anti Hansatu ta riƙo hannuna.

"Radi, na san muryar yaron nan."

Na kalle ta.

"Shekara uku da suka wuce, shi ne yake kira kullum ƙarfe biyu, lokacin canjin aiki, a haɗa shi da Mairama ta sashen ɗinki a Challawa. Kin san ba sa shiga da waya. A lokacin Nazir yake ce mini sunansa. Har ƙauyensu a Jigawa ya je, iyayenta suka sallami wanda yake nemanta. Daga nan ɗif. Yarinyar nan ta bar aiki, amma ta yi wata biyu tana kirana tana tambaya ko ya bar mata saƙo."

"Mu-murya tana kama da murya, Anti."

"Fuska ce take kama da fuska. Ni ba na manta murya."

Maimakon in yi tunani, sai na rubuta wa Walid komai. Amsarsa ta zo nan take: "Allah sarki, tsoron kujerarta take ji. Wallahi ban ji haushi ba. Amma in ta ɓata ni a wajen Baffa, da wace fuska iyayena za su zo neman aurenki?"

Kalmar "aurenki" kawai na gani. Sauran duk ban karanta ba.

Washegari aka zauna a ofishin Baffa, ga manaja, ga Walid, ga Anti Hansatu a tsaye bakin ƙofa da waya a hannu. Baffa ya sake cewa, "Ina zan kai Hansatu?" Sai na ji bakina ya buɗe.

"Baffa, na'ura ba ta tsufa, ba ta gulma, kuma ba ta yi wa mutane ƙazafi don ta tsira da kujerarta."

Ku ƙirga "b" nawa ne a ciki. Ko ɗaya bai sarƙe ba. Tun da aka haife ni ban taɓa fitar da magana mai tsawo haka a miƙe ba, kuma a kan matar da ta koya mini numfashi na fitar da ita. Anti Hansatu ta ajiye wayar a kan tebur a hankali, ta ce, "Alhamdulillahi, bakin ya buɗe."

A ranar Baffa ya sa hannu. Aka mayar da ita bakin ƙofar sito a Bompai, tana rubuta lambar manyan motocin da suka shiga da waɗanda suka fita. Daga Zawaciki inda take zaune, adaidaita biyu take hawa kafin ta isa. Na ga fitarta ta taga, da fulas ɗinta da sallaya da ɗan matashin da take jingina da shi. Zan so in ce muku na yi kuka. Ban yi ba. Hoton sabon lallena nake tura wa Walid.

Sai ya zo da wata shawara: muryata ce za ta dinga tarbar duk wanda ya kira kamfanin. Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Za ki iya. Ina nan." Muka shiga ɗakin taro, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki saboda ƙara, ya sa mini abin magana a gaba. Ga abin da zan faɗa: "Barka da kira, kun samu kamfanin buhu na Babban Bango." Sau arba'in da ɗaya na yi. A na goma sha bakwai na maƙale a kan "Babban" har hawaye suka zubo mini, ina ta "ba-ba-ba" kamar tunkiya. Ya miƙo mini hankici ya ce kada in damu, duk zai goge waɗanda ba su yi ba. Daga baya ya yanko nan ya yanko can ya haɗa, sai ga wata Radiyya mai magana sumul, wadda ban taɓa haɗuwa da ita ba.

Umma ta kira lambar nan ta fi sau talatin a rana ɗaya. Duk ƙawar da ta shigo sai an kunna mata. Baffa kuwa ya samu sabuwar al'ada. Baƙo ba ya zama a falonsa minti biyar sai ya ɗauko waya, ya buɗe sauti, ya ce, "Tsaya ka ji 'yata." Aka tsayar da Asabar iyayen Walid za su zo neman aure, bayan la'asar.

Ranar Laraba da rana wani mai saye daga Damagaram ya kira yana faɗa, wai buhu dubu biyar ya ce, aka kai masa dubu uku. Baffa ya ce in nemo kiran a saurara, tunda ni aka ba lambar sirri. Na buɗe shafin da kiraye-kiraye suke jere. Na samu na mutumin. Sai idona ya faɗa kan wani layi a ƙasa, lamba ɗari, an rubuta masa "gwaji". Layin da Walid ya sa a wayarsa ne don gwada aiki. Ashe manhajar ta zauna masa a gurbin wurin kira, bai lura ba, yana ta kiran mutanensa ta layin kamfani. Wanda ya kafa tarkon da hannunsa, shi ya manta inda ya binne shi.

Na zaɓi ɗaya mai minti goma sha ɗaya. So nake kawai in ji muryarsa. Na sa abin ji a kunne.

Dariyarsa ce ta fara fitowa. Sannan ya ce, "Bashir, tsaya, tsaya, ka ji na goma sha bakwai. Wannan ya fi duka."

Sai ga ni. Ba-ba-ba-ba, da shessheƙar kuka a ƙarshe. Abokin nasa yana dariya har yana tari.

"Wannan za ka aura?"

"Ai ita ce matar kwanciyar hankali. Kafin ta gama faɗa mini laifina na kai Zariya na dawo."

"Kai mugu ne wallahi. In 'ya'yan suka gado fa?"

"Wa ya ce maka za a daɗe? Baffanta ya riga ya haɗa ni da masu kamfani shida a Challawa. Surukin Alhaji ba ya bin layi."

"Tsohuwar nan fa da ka ce ta gane ka? Ta maganar Mairama?"

"Ta tafi. Ni ban ce ƙala ba. Yarinyar na ɗan kunna, ita ta kore ta da bakinta. Abin mamaki, ranar ko sarƙewa ba ta yi ba."

Na saurara har ƙarshe. Na sake saurara. Ban suma ba, ban fasa komai ba. Na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska, na dawo na tura wa Baffa kiran mutumin Damagaram, ashe dubu uku ya ce.

Daga nan na fita bayan ofis inda ake tara ragowar zare, na kira Anti Hansatu. Ni da ba na kiran kowa. Ta ɗauka, ina jin ƙugin manyan motoci a bayanta.

"Anti, ni ce."

"Na sani."

"Na ji ko-komai. Ga-gaskiyarki ne. Don Allah ki ya... ki ya-ya..."

"Yafe miki," ta ƙarasa. "Na ji. Ina da mota a ƙofa."

Ta kashe. Shekara ashirin tana jirana, ranar ba ta jira ba. Wannan ya fi mini duk dariyar Walid ciwo, kuma na san ni na saye shi da kaina.

Da na koma gida na samu Umma a tsakar gida tana duba dambun naman da aka kawo na ranar Asabar. Na ja ta ɗaki, na sa mata abin ji a kunne. Ina kallon fuskarta. Ta ji muryata, ta ji dariyar, ta ji komai. Ta cire ta ajiye a kan gado.

"To sai me?" ta ce.

Na ɗauke abin jin daga kan gadon.

"Namiji ne. Duk haka suke in sun haɗu da abokai. Babanki ma da za a naɗi hirarsa da ban zauna ba. Idan ya aure ki ya saba da ke, shi ke nan."

"Umma, ya ce ba-ba za a da..."

"Daɗe ba. Na ji da kunnena. Gara a ce an yi an rabu da a ce ba a taɓa yi ba. Wa kike da shi a hannu in wannan ya tafi? Kada Baffanku ya ji, kada kowa ya ji. Ki rufe bakinki, dama can ba buɗuwa yake ba."

Ta koma wajen dambunta. Ina jin ta tana ce wa mai aiki a ƙara barkono kaɗan a na maza.

Na yi abin da ta ce. Alhamis na rufe bakina, Juma'a ma haka. Walid ya turo hoton shaddar da kawunsa zai sa, na tura masa alamar zuciya. Ba Baffa na ji tsoron faɗa wa ba. Na san yadda za ta kaya ne. Zan tsaya a gabansa ina fama da sunansa, Umma ta shigo ta ƙarasa mini maganar yadda take so, a kira Walid ya rantse ya ce wasa ne, a ce in yi haƙuri. Duk wanda ya iya magana ya fi ni gaskiya, haka na taso na gani.

Asabar ta zo. Tun safe gida ya cika da ƙamshin turaren wuta. Aka shimfiɗa sabuwar darduma a falon Baffa, aka jera lemo da ruwa da cincin. Umma ta fitar mini da leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, ko da yake ba wanda zai gan ni. Na sa. Na zauna aka ɗaura mini ɗankwali. Da aka fita aka bar ni, na jawo kwamfuta na buɗe shafin kamfani.

Akwai wani wuri da aka rubuta saƙon maraba. Walid da kansa ya koya mini yadda ake canja shi, saboda ranar sallah ko ranar hutu. Ka cire wanda yake kai, ka ɗora wani, ka danna ajiye. Na yanko minti biyu daga hirarsa da Bashir, tun daga dariyar farko har zuwa "ranar ko sarƙewa ba ta yi ba."

Na daɗe yatsana yana kan madannin. Kada ku zaci jarumta ce. Ni ma ina cikin minti biyun nan, da kukana da ba-ba-ba ɗina. Duk direban da zai kira daga Bompai zai ji, duk mai saye daga Maraɗi zai ji. Baffa, wanda bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, zai ji kunya a cikin falonsa a gaban baƙi. Umma ba za ta ƙara shiga gidan biki da kai a sama ba. Kuma bayan yau ba na jin wani zai sake yin sallama a ƙofar gidan nan saboda ni. Duk na san wannan.

Waya ta yi ƙara. Walid ne: "Amaryata, sun taso. Ki yi mana addu'a."

Na rubuta, "Allah ya kawo su lafiya." Sannan na buga yatsana a kan tebur sau uku, na ja numfashi, na danna ajiye.

Bayan la'asar motoci biyu suka tsaya a ƙofa. Dattawa huɗu suka shigo da manyan riguna, aka shigo da goro da alawa a bayansu. Na saɓa mayafina na bi ta baranda, na tsaya bayan labulen ƙofar da take haɗa falon Baffa da cikin gida, ɗaya daga cikin sabbin labulen Umma. Ina jin su suna gaisawa, ya iyali, ya kasuwa, ya damina. Aka yi addu'a aka shafa. Babban kawun Walid ya gyara murya zai fara.

"Malam, ɗan dakata," in ji Baffa. Daga muryarsa na san murmushi yake. "Kafin mu shiga magana, bari ku ji 'yar taku. Aikin ɗanku ne ma, yaron nan akwai basira."

"Ma sha Allah," suka ce. "Bismillah, Alhaji."

Na ji ƙarar madannai ɗaya bayan ɗaya. Ta gefen labule na hango shi ya ɗora wayar a tsakiyar darduma, kusa da kwandon goro. Dattawan suka matso da kawunansu. Ta yi ƙara sau ɗaya, layi ya buɗe, dariyar Walid ta fito.

Baffa kunnensa ya fara nauyi. Ya sunkuya ya ƙara sauti har ƙarshe.